Daga Majigin Baban Larai Zuwa Shagon Tura Fim: Wa Ke Zaɓa Wa Funtua Da Malumfashi Abin Kallo?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon masu tura fina-finai a waya, ko a cikin kasuwar Funtua ko a bakin tashar motar Malumfashi, ya san yadda cinikin ke gudana. Mutum zai miƙa wayarsa ko ɗan memorinsa, yaron da ke gaban kwamfuta ya tambaye shi: “Na Hausa ko fassarar Indiya?” Sau da yawa mai wayar ba ya ambaton sunan fim ko ɗaya. Iyakarsa ya ce, “Zuba mini masu kyau.” Da wannan magana ya damƙa wa yaron wuƙa da nama. Abin da yaron ya zuba shi ne abin da gida guda zai kalla har mako ya zagayo: uwargida da amarya, yara, da maƙwabtan da za su karɓa ta waya su ma su kai nasu gidajen.

Yaron nan bai san cewa aikin da yake yi sana'a ce mai zaman kanta a wasu ƙasashe ba. Ana karatunta, ana biyan albashi a kanta, ana kuma yi wa mai yin ta hisabi idan ya yi zaɓen banza. Sana'ar ita ce tsara shirin kallo, wato mutum ya kalli fina-finai masu yawa, ya tsamo kaɗan daga ciki, ya jera su yadda ɗaya zai haska ɗaya, sannan ya tsaya gaban jama'a ya faɗi dalilin zaɓensa. Abokiyar tafiyarta ita ce sharhin fim, abin da malaman jami'a ke kira tarke. Mai tsarawa yana kawo fim gaban mutane, mai sharhi kuma yana koya musu yadda za su yi magana a kansa bayan an kunna fitila.

Ƙasar noman da ta tashi daga Funtua ta bi ta Bakori zuwa Malumfashi, ta kuma karkata yamma zuwa Faskari da Ƙanƙara, ba baƙuwar waɗannan ayyuka biyu ba ce. Ta ga na farkon tun zamanin Turawa, ta kuma haifi wasu daga cikin waɗanda suka assasa na biyun a harshen Hausa. Abin da ta rasa shi ne wanda zai gada.

Zamanin da gwamnati ke zaɓe

Kafin gidan kallo, kafin bidiyo, akwai majigi. Mota ce ke zuwa da injin haska hoto da janareta, a kafa farin allo a fili, galibi a ƙofar fadar hakimi ko dagaci, a jira duhu ya shiga. Ba a biyan ko anini. Masana sun ce kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan da Turawa ke kiran tsohuwar fitilar haska hotuna. Wanda ya fi kowa tasiri a tsarin shi ne William Sellers, jami'in lafiya da ya fara amfani da fim wajen wayar da kai a Najeriya, aka kuma ɗora shi a kan sashen fina-finan ƙasashen mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939. Sellers yana da ra'ayin raini game da ɗan Afirka. A ganinsa dole fim ya tafi a hankali, kada kyamara ta yi wata dabara, don wai mai kallo ba zai gane ba. Amma ko da wannan raini, mutanensa sun fahimci wani abu: fim ba ya tafiya shi kaɗai. Daren majigi jeri ne da aka tsara, a fara da labarun duniya, a shiga fim ɗin tsafta ko na noma, a sa na ban dariya don kada jama'a su watse. Kuma akwai mai bayani riƙe da lasifika, yana fassara abin da ke allo da Hausa, yana ƙara gishiri inda ya ga dama. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano ya fitar da littafi a 2008, ya nuna yadda majigi ya ci gaba bayan samun mulkin kai, ya zama hanyar da talakan karkara ke ganin Sardauna yana buɗe masana'anta ko yana rangadi.

Wannan yanki ma ya shiga cikin allon da kansa. Auduga ce ta jawo Turawa nan: kamfanin BCGA ya kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, aka kuma buɗe gonar irin auduga a Daudawa, cikin ƙasar Faskari ta yau. A Daudawan nan aka ɗauki fim ɗin Baban Larai a cikin shekarun 1950, don jan hankalin manoma su rungumi sabuwar hanyar noman auduga. Dattawa a sassan Arewa har yau suna tuna sunansa, kuma masu rubuta tarihin fim ɗin Hausa sukan fara lissafi daga kansa. Farfaganda ce, babu musu. Sai dai farfaganda ce da ta ɗauki hoton gonakin kakanninmu, da suturarsu, da garmarsu, da yadda suke magana. Yau zai yi wuya a tara matasa ɗari a Funtua a sami biyar da suka taɓa ganinsa.

Akwai kuma wani gwaji da ba a cika tunawa da shi ba. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa tun 1975, ke raba taki da iri, malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun je Maska suka shirya wasa da manoma a kan matsalolinsu. Ba fim ba ne, amma abin da ya bambanta shi da majigi shi ne bayan wasan ana zama a tattauna, manomi ya ce nan kun faɗi daidai, nan kuma ba haka abin yake ba. Wannan zaman na bayan kallo shi ne tushen duk wani sharhi.

Ƙarfin mai zaɓe

Wanda ke shakkar tasirin mai tsara abin kallo, ya dubi yadda fim ɗin Indiya ya zauna daram a ƙasar Hausa. Ba Bahaushe ne ya je Bombay ya nemo shi ba. 'Yan kasuwar Labanon da ke riƙe da gidajen silima da harkar rarraba fina-finai su ne suka gwada shi, suka ga yana cika gida, suka mayar da shi abincin yawancin dararen mako. Daga baya gidajen talabijin suka ɗora. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙididdige cewa tashar NTA ta Kano kaɗai ta nuna fina-finan Indiya sama da dubu ɗaya tsakanin 1977 da 2003. Yaran da suka tashi a gaban wannan allo su ne suka girma suka kafa masana'antar fim ta Kano. Turmin Danya ya fito a 1990, kafin shekara goma ta cika Sangaya ya zo da rawa da waƙar da suka zama tambarin masana'antar. Mutane sun daɗe suna zagin 'yan fim da kwaikwayon Indiya, amma ba kasafai ake tambayar wanda ya yi shekara talatin yana zaɓa musu abin kallo ba. Mutanen da ba a san ko sunayensu ba, a ofisoshin rarraba fim da ɗakunan shirye-shiryen talabijin, sun fi kowane darakta tasiri a kan kamannin fim ɗin Hausa.

Yau zaɓen ya rabu tsakanin hannu biyu. Ɗaya shi ne yaron shagon nan, wanda ma'auninsa shi ne abin da aka fi tambaya jiya. Ɗayan kuma na'urar YouTube ce, wadda ke tura wa mutum irin abin da ya riga ya kalla. Ba a ce duk sharri ba ne. Ta wannan hanya shiri mai dogon zango kamar Izzar So ya isa ga miliyoyin mutane daga tashar da ke ɗauke da sunan Bakori, ba tare da jiran dillalan kasuwar Ƙofar Wambai ba. Amma yaron shago da na'urar duka ba sa waiwaye. Ba za su taɓa ce wa mai kallo, ga wani fim na 1976 da ya kamata ka gani kafin ka yanke hukunci a kan na bana, ba.

Masu sharhin da yankin ya haifa

Abin mamaki shi ne, idan aka zo tarihin sharhi a kan adabin zamani da fim na Hausa, sunaye biyu daga cikin manya na wannan yanki ne. Farfesa Ibrahim Malumfashi shi ne ya yi fice da kiran littattafan soyayyar da suka cika Kano a shekarun 1990 da sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onica, yana kuma ganin ba za su yi ƙarko ba. Maganar ta yi wa marubuta zafi, aka yi ta musayar alƙalami a jaridu, musamman a shafin adabi na New Nigerian ta ƙarshen mako wanda Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, ke kula da shi. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu na cikin waɗanda suka tsaya wa marubutan. Ko mutum ya yarda da Malumfashi ko bai yarda ba, wannan muhawara ita ce ta tilasta wa jami'o'i su ɗauki rubutun matasa da muhimmanci. Kuma da yake marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Bala Anas Babinlata da Balaraba Ramat Yakubu sun tsallaka zuwa fim, gardamar ta bi su can.

A watan Maris na 1999 Sheme ya fitar da mujallar Fim. Kafin ita akwai Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, wadda a shafinta sunan Kannywood ya fara bayyana a 1999, tun kafin a laƙaba wa masana'antar Kudu nata sunan. Waɗannan mujallu sun buɗe fili ga wasiƙun masu karatu, kuma wanda ya duba tsofaffin kofe zai ga yadda ɗalibai da teloli da matan aure daga garuruwa daban-daban ke rubuto ra'ayinsu a kan fim, wani lokaci da kaifin da ya fi na ma'aikatan mujallar. A watan Agustan 2003 aka yi babban taron masana a Kano a kan fina-finan Hausa, aka buga takardunsa a littafi a shekarar da ta biyo. Daga baya an sami matasa irin su Muhsin Ibrahim, wanda ya tara sharhinsa a littafi a 2018.

To, amma duk wannan ƙoƙarin ɗaiɗaikun mutane ne. Ba a kafa wani tsari da zai ɗauki yaro ɗan shekara goma sha takwas mai son fim, a zaunar da shi, a gyara masa rubutu, a buga, a sake gyarawa ba. Giɓin da aka bari kuwa hukumar tace fina-finai ce ta cike shi. Tun da Jihar Kano ta kafa tata a 2001, maganar fim a bainar jama'a ta koma tambaya guda: ya ɓata tarbiyya ko bai ɓata ba? Tambaya ce mai muhimmanci ga al'ummar Musulmi, ba mai musun haka. Sai dai tacewa daban, tarke daban. Mai tacewa yana cewa a cire wannan fitowa. Mai tarke yana cewa wannan fitowar ba ta da amfani a labarin, an sa ta ne don a cika lokaci, kuma ga yadda wani darakta ya isar da saƙo iri ɗaya ba tare da ita ba. Na farko yana sa ɗan fim ya iya ɓoye-ɓoye, na biyu yana sa ya iya aiki.

Abin da ake yi a Kudu Maso Gabashin Asiya

Dalilin da ya sa ya dace mu dubi ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya, maimakon Faransa ko Amurka, shi ne sun taso daga inda muka taso. Suna da nasu majigin. A Indonesiya ana kiransa layar tancap, wato allon da aka kafa a ƙasa, ana kai shi ƙauyuka lokacin biki. A Tailan masu tallar magani ne ke yawo da fim ƙauye-ƙauye, tare da masu aron murya da ke zaune a gefe suna yi wa jaruman magana kai tsaye, kusan abin da masu fassarar Indiya ke yi mana yau a situdiyo. Su ma fina-finan waje sun mamaye su, su ma sun sha hannun hukumomin tacewa, kuma Indonesiya ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya.

Misalin da ya fi kama da namu shi ne na Purbalingga, wata gunduma ta manoma a tsakiyar tsibirin Jawa, nesa da Jakarta babban birni. A 2006 wasu matasa ƙarƙashin jagorancin Bowo Leksono suka kafa ƙungiyar masoya fim, shekara guda bayan haka suka fara bikin fina-finai na garin. Ba su jira an gina musu silima ba. Kowace shekara suna ɗaukar allo su zagaya ƙauyukan yankin, mutanen ƙauye su shirya fili, masu sayar da abinci su baje kolinsu. Abin da ake nunawa ya haɗa da gajerun fina-finan da ɗaliban sakandaren yankin suka yi da harshen garinsu, a kan abin da ya dame su, bayan 'yan ƙungiyar sun bi su makarantu sun koya musu. Fina-finan waɗannan yara sun sha cin kyaututtuka a matakin ƙasa.

A Laos kuma, garin Luang Prabang ya fara bikinsa a watan Disambar 2010 alhali babu gidan silima ko ɗaya da ke aiki a garin. Ana jera kujerun roba shuɗɗa a fili, kowa ya zo ya zauna kyauta, har daga baya aka sauya wa bikin suna zuwa sunan kujerun. Dabarar da suka yi wajen zaɓe ita ce abin lura. Ba su ce mutum ɗaya ya san fina-finan ƙasashe goma ba. A kowace ƙasa ta yankin sun naɗa wakili, galibi mai sharhi ko mai tsara shirin kallo, wanda zai miƙo fina-finan ƙasarsa da yake ganin sun cancanta. Da a ce za a yi irin wannan a nan, sai a sami wakili a Kano, wani a Jos, wani a Maraɗi ko Damagaram, wani a zangon Kumasi, kowa ya kawo abin da idonsa ya gani.

Wajen renon masu sharhi, Singafo ce ta fi tsari. Bikin fina-finanta, wanda aka fara tun 1987, ya buɗe wani shiri na matasa a 2014. A shekarun farko na shirin, ana zaɓar 'yan kaɗan, su yi makonni suna kallon gajerun fina-finan yankin ƙarƙashin wani gogaggen mai sharhi, suna rubutu ana mayar musu da shi da gyara. Ana buga rubutun nasu lokacin bikin, sannan a ƙarshe su zauna a matsayin alƙalai su ba fim ɗaya kyauta. Wannan na ƙarshen ya fi komai koyarwa, domin wanda aka ce ya fitar da gwani ɗaya daga cikin ashirin, ya kuma kare zaɓensa gaban abokansa, dole ya wuce “ya burge ni” ya nemo hujja.

Ba kuma sai da kuɗin Singafo ba. Alexis Tioseco, matashi ɗan Filifin, shi kaɗai ya buɗe mujallar intanet mai suna Criticine don fina-finan yankin, ya dage da tallata daraktocin da ba a kula da su a gida, irin su Lav Diaz, har duniya ta san su. 'Yan fashi sun kashe shi a gidansa ranar 1 ga Satumbar 2009 yana da shekara 28, amma har yau ana ambatonsa a matsayin wanda ya nuna cewa sharhi hidima ce ga fim ɗin ƙasarka. A Indonesiya, Makbul Mubarak ya fara ne da rubuta sharhi a Cinema Poetica, wadda ya kafa da abokinsa, kafin ya koma bayan kyamara. Fim ɗinsa na farko ya karɓi kyautar ƙungiyar masu sharhi ta duniya a bikin Venice na 2022.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko a wurinmu ita ce abin nunawar kansa. Mai tsara shirin kallo ba shi da aiki idan babu rumbu. Fina-finan Hausa na shekarun 1990 a kaset ɗin bidiyo aka yi su, kaset kuwa zafi da ƙura da damina suna cinye shi. Kamfanoni da yawa sun rufe, masu su wasu sun rasu, uwar kaset ɗin tana cikin wani kwali a ɗakin ajiya idan ma tana nan. Abin da ke yawo a intanet kofe ne na kofe, hoto ya dushe, sauti yana rawa. Darasin da ke nan shi ne, a ko'ina masu sharhi ne ke fara kururuwar ceto. A Indonesiya, bisa shawarar mai sharhi JB Kristanto aka gyara fim ɗin Usmar Ismail na 1954, Lewat Djam Malam, aka nuna shi a bikin Cannes a 2012, sannan aka mayar da shi gidajen silima na ƙasar. A Kambodiya, wadda yaƙi ya hallaka yawancin fina-finanta, darakta Rithy Panh ya buɗe cibiyar Bophana a 2006 don tattara abin da ya saura. Mu ma muna da namu misalin. Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. Mai sharhi Didi Cheeka na Legas tare da cibiyar Arsenal ta Jamus suka gano shi a rumbun Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi, aka nuna a bikin Balin na 2018. Fim ne da Hausa tsantsa, an tafa masa a Jamus, amma Bahaushen Malumfashi bai sami wanda zai kawo masa shi ƙofar gida ba.

Ta biyu ita ce sunan da silima ta yi. Tun gobarar gidan El Duniya a Kano a 1951, wadda ta ci rayuka 331, mutane da yawa suka ɗauki gidan silima a matsayin wurin da mutumin kirki ba ya zuwa. A 2016 ma Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta Jihar Kano bayan malamai sun yi ca a kai. Wanda ya zo Funtua da shirin kallo ya yi kamar bai san wannan tarihi ba, ya shirya wa kansa faɗuwa. Amma majigi bai taɓa samun wannan baƙin jini ba, saboda a fili ake yin sa, da iznin sarakuna, yara da manya suna wurin. Wannan rigar ce ta dace a ara.

Sai tsaro. Taron dare a fili, wanda shi ne ran majigi, ba abu ne mai sauƙi ba a yankin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren Ƙanƙara a watan Disambar 2020, kuma ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Dandume suka sha fama da 'yan bindiga. Abin da zai yiwu a yanzu shi ne kallon rana, a zauren makaranta ko na ƙaramar hukuma, a rufe tagogi da labule. Wannan ma yana da fa'idar da dare ba shi da ita: mata za su iya zuwa. Matan aure su ne ƙashin bayan masu kallon fim ɗin Hausa tun zamanin kaset, su suka fi kowa sanin wane labari aka maimaita, wace jaruma ce ke kuka na gaskiya, amma muryarsu ce ta fi ƙaranci a rubutaccen sharhi.

Akwai kuma matsalar da ke cikin sharhin kansa. Yawancin abin da ake kira sharhi a shafukan sada zumunta ba ya wuce ba da labarin fim daga farko zuwa ƙarshe, a yabi jarumi, a rufe da cewa akwai darasi. Wani kuma zagi ne don neman mabiya. Abin da mai reno zai fara koya wa matashi shi ne ya faɗi abin da ya gani kafin ya faɗi abin da ya ji a ransa: ina aka ajiye kyamara lokacin da uba ke yi wa 'yarsa faɗa, me ya sa kiɗa ya shigo a nan, me ya sa duk attajiran fim ke zaune a falo iri ɗaya, me ya sa ɗan ƙauye kullum shi ne wawa. Wannan tambaya ta ƙarshe ta shafi yankin nan kai tsaye. Ƙasar da ke ciyar da kasuwannin hatsi da masara da dawa da waken suya tana kallon kanta a allo a matsayin abin dariya, kuma babu wanda ya zauna ya rubuta amsa. Zai kuma koya masa abin da ya fi wuya, wato nisantar aljihun furodusa. Masana'antar ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuma matashin da burinsa shi ne a saka shi a fim ba zai iya faɗin gaskiya a kan wanda yake fatan ya ɗauke shi ba.

Kayan aikin ba su fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa ɗaya ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ba: na'urar haska hoto, lasifika, farin bango, da wutar sola ko janareta. Masu koyarwa ma ba su yi nisa ba. Zariya na nan kusa da sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, akwai sassan Hausa a jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma, a Jos kuma tun 2019 ake karatun digiri na biyu a kan adana fina-finai. A Kano akwai bikin KILAF na fina-finan harsunan Afirka, a Nijar kuma ƙungiyar silimar tafi-da-gidanka ta daɗe tana kai fina-finan Afirka ƙauyuka tana buɗe tattaunawa bayan kallo.

A ɗauka an ce wani ya tsara yini uku a Funtua a kan jigon noma da ƙauye. Zai nemi Baban Larai ya buɗe da shi, ya gayyato dattijon Daudawa ya faɗi abin da ya tuna. Zai sa Shaihu Umar a yini na biyu. A na uku ya kawo fim ɗin Kannywood na kwanan nan da aka yi a ƙauye, ya haɗa shi da gajeren fim ɗin ɗaliban Purbalingga da aka yi wa fassarar Hausa. Matasa goma, biyar mata biyar maza, su kalli duka, kowa ya rubuta shafi biyu, a gyara, a karanta a gidan rediyo. Aikin da zai fi cin lokaci a cikin wannan duka ba haɗa na'ura ba ne. Neman izni ne daga masu haƙƙin kowane fim, a rubuce, domin shirin da ke son koya wa yara mutunta fim ba zai fara da kofen sata daga shagon tura fim ba. Wasiƙar farko za ta tafi Jos, hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya.